Ɗalibin Ƙanƙara Zai Iya Zana Ƙwaƙwalwar Kwamfuta

 Sharhinmu na yau zai taɓa wani fannin ilimi da ba kasafai ake jin sunansa a gidajen rediyonmu ba, wato zana firosesa, ƙwaƙwalwar da ke cikin kowace na'ura mai lissafi. Kuma zan ɗora maganar ne a kan yankin da mutane da yawa za su ce ba muhallinta ba ne: Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, a kudancin jihar Katsina. Ra'ayina shi ne a fara koya wa ɗaliban kimiyya na wannan yanki yadda ake zana firosesa tun daga tushe, a makarantun sakandare na kimiyya, sannan a ɗora a manyan makarantun da ke karɓarsu a Dutsin Ma, Katsina da Zariya. Na san akwai mai sauraron da tuni ya ce a ransa, mutanen da ke fama da 'yan bindiga da tsadar taki, ina ruwansu da wannan? Tambaya ce mai nauyi, kuma zan zo kanta. Amma bari mu fara fahimtar abin da ake magana a kai.

Duk wanda ya taɓa kai wayarsa wurin mai gyara, wataƙila ya ji an ce masa aisi ne ya ƙone. Aisi shi ne ɗan baƙin abun nan mai ƙananan ƙafafu da ke manne a injin waya. Akwai irinsa a na'urar POS da ake cire kuɗi da ita a kasuwar Sheme, akwai a mitar wutar lantarki, akwai a akwatin da ke daidaita cajin batirin sola. A cikinsa an jera tiransistoci, kowanne ɗan makunni ne da ke buɗe wa wuta hanya ko ya rufe mata. In aka haɗa 'yan kaɗan daga cikinsu, sai a sami ƙofa mai yanke hukunci ɗaya tak: in wannan da wancan duk suna kunne a saki wuta, in ba haka ba a hana. Daga irin waɗannan ƙofofi ake gina sashen da ke tara lambobi, da sashen da ke riƙe su, har a kai ga cibiyar firosesa. Aikin cibiyar nan ɗaya ne, tana ta maimaita shi ba gajiya: ta ɗauko umarni daga ma'adana, ta gane abin da yake nufi, ta aikata, ta ajiye sakamako, ta wuce umarni na gaba, sau miliyoyi a daƙiƙa guda. Intel 4004, firosesar farko da aka fitar kasuwa a aisi ɗaya a shekarar 1971, tiransistoci 2,300 ne a cikinta, kuma an yi ta ne don na'urar lissafi ta wani kamfanin Japan mai suna Busicom. Ta wayar zamani tana ɗauke da biliyoyi. Sai dai tsarin ɗauko, gane, aikata yana nan yadda yake, kuma shi ne abin da ɗalibi ke buƙatar ya riƙe.

Mai zana firosesa ba ya zama da dalma da ƙarfen liƙi. Rubutu yake yi a kwamfuta, da wani harshe na musamman irin su Verilog, yana bayyana wace ƙofa ke haɗe da wace, da abin da zai faru a kowane bugun agogon na'urar. In ya gama, hanyoyi biyu ne a gabansa. Ko dai a aika zanen masana'anta a sassaƙa shi a faifan silikon, ya zama aisi na musamman da ba ya sake canzawa har abada, ko kuma a zuba shi a wani irin aisi da ake kira FPGA, wanda kamfanin Xilinx na Amurka ya fara fitarwa a 1985. Shi FPGA ƙofofi ne dubbai da aka jera ba a ɗaure su da juna ba, mai zane ne ke faɗa musu yadda za su haɗu. Bambancin su biyun kamar bambancin allo ne da bugaggen littafi. A allo almajiri zai rubuta, malam ya duba, in da kuskure a wanke a sake. Littafi kuwa in an buga shi da kuskure, kuskuren ya shiga kowane kwafi. Saboda haka manyan kamfanoni kan gwada zanensu a FPGA kafin su kashe miliyoyin daloli a masana'anta, kuma saboda haka ne FPGA ya dace da makaranta. A yau ana samun ɗan farantin gwaji mai ɗauke da ƙaramin FPGA, wanda bai kai tafin hannu ba, a ƙasa da dala 30, kuma yana da girman da zai ɗauki cikakkiyar firosesar da ɗalibi ya rubuta da hannunsa.

Abu na farko da akan tare mutum da shi shi ne, ai Nijeriya ba ta da masana'antar ƙera aisi. Gaskiya ne, kuma ba za mu same ta nan kusa ba, domin masana'anta ta zamani guda ɗaya tana cin fiye da dala biliyan 10, ga buƙatar wuta da ruwa mai tsafta da ba sa yankewa ko na minti ɗaya. Amma wanda ya tsaya a nan bai lura da cewa an daɗe da raba zane da ƙira ba. A 1978 Lynn Conway ta koyar da wani darasi a jami'ar MIT inda ɗalibai suka zana aisinsu, aka tattara zanen aka aika wata masana'anta, cikin 'yan makonni aka dawo musu da shi a ƙere. Littafin da ita da Carver Mead suka fitar a 1980 ya baza wannan hanya a jami'o'i. A 1985, wani ƙaramin rukuni a kamfanin Acorn na garin Kambirij a Ingila, ƙarƙashin Sophie Wilson da Steve Furber, ya zana firosesar ARM ta farko da tiransistoci kimanin 25,000. Kamfanin ARM bai taɓa mallakar masana'antar ƙira ba, zane yake sayarwa, amma kusan kowace babbar waya da ke aljihun mutumin Faskari ko Sabuwa a yau zanensa ne a cikinta. A ɗaya gefen kuma, Morris Chang ya kafa masana'antar ƙera aisi ta TSMC a Taiwan a 1987 da sharaɗin ba zai zana nasa ba, na mutane zai riƙa ƙerawa. Mu a nan mun saba ɗaukar arziki a matsayin abin da ake tonowa. Ƙanƙara ta shahara da farar ƙasa, wadda masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello suka daɗe suna nazari a kanta, ana lodinta a manyan motoci ana fita da ita. A sana'ar aisi kuwa, ɗanyen kayan yashi ne, ba shi da tsada. Kuɗin yana cikin tunanin da aka sassaƙa a kai.

Shekaru 20 da suka wuce, da wannan shawara tawa mafarki ce, domin ƙofofi uku ne a kulle. Jerin umarnin da firosesa ke ji mallakar kamfanoni ne, sai da lasisi mai tsada. Manhajojin zane na 'yan kasuwa ne, kuɗinsu ya fi ƙarfin jami'o'inmu. Bayanan masana'anta kuma sirri ne. Dukkansu sun buɗe ɗaya bayan ɗaya. A 2010, a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Krste Asanović da David Patterson da ɗalibansu Andrew Waterman da Yunsup Lee suka fara wani jerin umarni mai suna RISC-V, suka bar shi kyauta ga kowa. Tushensa umarni ne kimanin 40, da ma'ajiyai 32, abin da ɗalibi mai himma zai haddace a mako guda. Ƙungiyar da ke kula da shi ta mayar da rajistarta Suwizalan a 2020, a lokacin da rikicin ciniki tsakanin Amurka da Sin ke sa kamfanoni fargabar a rufe musu fasaha. Manhajojin kyauta irin su Yosys, Icarus Verilog da Verilator suka ƙarfafa har suka isa aiki na gaske. A 2020 kuma Google da masana'antar SkyWater suka saki bayanan ƙirarsu ta nanomita 130 (ma'aunin ƙanƙantar tiransistoci) a fili, Google ya riƙa biyan kuɗin ƙera zane 40 a kowane zagaye. Bayan nan shirin Tiny Tapeout na Matt Venn ya zo, inda ɗaruruwan ƙananan zane ke raba aisi guda, kowa ya biya 'yan ɗaruruwan daloli. Ba zan ɓoye muku ba, hanyar ba ta rasa gargada, don kamfanin Efabless da ke haɗa waɗannan zagaye ya rufe a farkon 2025. Amma aikin bai mutu ba, ya ci gaba ta cibiyar IHP ta Jamus, wadda ita ma ta buɗe bayanan ƙirarta.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na Hazard3. Wani injiniya ne mai suna Luke Wren ya zana wannan cibiyar firosesa ta RISC-V a lokacin hutunsa, mai matakai uku, ta yadda yayin da ake aikata umarni ɗaya ana shirya na biyu ana ɗauko na uku. Ya tsara ta yadda za ta yi aiki a FPGA ta kuma yi a aisi na musamman, ya ajiye rubutunta a intanet kowa ya karanta. A watan Agusta na 2024 kamfanin Raspberry Pi ya fitar da aisinsa RP2350 da cibiyoyin Hazard3 guda biyu a ciki, a farantin da ake sayarwa dala 5. Ma'anar wannan ita ce ɗalibi a Dutsin Ma zai iya buɗe rubutun firosesar da ake sayarwa a kasuwannin duniya, ya bi shi layi bayan layi, ya ga yadda aka magance matsalar umarnin da ke jiran sakamakon na gabansa, ya canza wani abu, ya gwada. Ƙasashen da ba su fi mu nisa sosai ba sun riga sun shiga. A Indiya, Cibiyar Fasaha ta Madras ta zana firosesar Shakti, aka ƙera ta a cikin ƙasar a 2018 da tsohuwar fasahar nanomita 180. A Pakistan, matasan Cibiyar Fasaha ta Usman da ke Karachi sun aika zanensu a zagayen Google da SkyWater. A Masar, malamai da ɗaliban Jami'ar Amurka da ke Alƙahira suna cikin waɗanda suka gina OpenLane, manhajar da ake juya rubutun zane da ita ya zama taswirar da masana'anta ke karɓa.

To, mu koma ga mai tambayar farko, wanda zai ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ba wanda zai yi maganar ilimi a wannan yanki ya tsallake daren Juma'a, 11 ga Disamba 2020, lokacin da 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara suka kora ɗaruruwan yara daji, har sai ranar 17 ga watan aka sako 344. Bayan haka gwamnati ta rufe makarantun kwana, kuma iyaye da yawa a Faskari da Sabuwa har yau suna auna hatsarin hanya kafin su tura yaro aji. Tsaro shi ne kan gaba, ba na jayayya da wannan. Abin da nake jayayya da shi shi ne tunanin cewa a jingine zurfafa karatu sai ranar da komai ya lafa. Yaron da yake aji ɗaya lokacin wancan hari yanzu ya kai shekarun shiga jami'a. Bai tsaya jiran kowa ba. Kuma mu tuna makarantar da aka kai wa harin ta kimiyya ce, wurin da ake tara yaran da suka fi ƙwazo a lissafi da fiziks daga garuruwa daban-daban. In duk abin da za mu iya yi wa irin waɗannan makarantu shi ne katanga da masu gadi, alhali abin da ake koyarwa a ciki yana ƙara raguwa, to mun tsare ginin ne kawai. Uba zai fi jure wahalar tura ɗansa makaranta in ya ga abin da ake ba shi a can ba a samunsa a ko'ina. Tarihi ma yana tare da mu. A 1977 jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa don magance ƙarancin 'yan jiha a fannin likitanci da injiniyanci, a lokacin da ƙauyuka da yawa ba su da ko rijiyar kirki. Likitoci da injiniyoyin da suka fito daga can su ne amsar wanda zai ce an yi gaggawa.

Sai maganar wuta da sabis. Mutanen Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa ba su manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da nasu, aka shafe watanni ba kira ba intanet. Duk wani shirin ilimi da ya jingina kacokan da intanet zai tsaya cak a irin wannan rana. A nan ne wannan fanni ya fi sauran sauƙi. Manhajojin da na ambata ana sauke su sau ɗaya, a rarraba a filashi, su yi aiki ba tare da sabis ba. Tsohuwar laftof ta wadatar, farantin FPGA kuma daga jikinta yake shan wuta. Faifan sola biyu ko uku da batiri sun isa su riƙe ajin gwaji. Ɗakin gwajin kemistiri yana buƙatar sinadarai da ke ƙarewa, bitar kanikanci tana buƙatar manyan injuna. Shi wannan, in an saya an saya, kuma kuskuren ɗalibi ba ya lalata komai.

Sukan da ya fi ƙarfi daga masana yake zuwa. Za su ce kamfanin WCH na Sin yana sayar da ƙaramar firosesar RISC-V, CH32V003, a kusan santi 10 na dala, to wane dalili zai sa ɗan Katsina ya zana tasa? Na yarda da su ɗari bisa ɗari cewa duk mai son ƙera na'urar auna danshin masara don kasuwar Dandume, ko mai sarrafa famfon sola na noman rani, ya sayi ta santi 10 ɗin nan, kada ya ɓata lokaci. Ba aisin ne abin da muke nema daga ajin ba, mutumin muke nema. Wanda ya taɓa gina firosesa da kansa, ya ga ta ƙi aiki, ya zauna yana bin siginar wuta bugu bayan bugu har ya gano ƙofar da ta yi kuskure, ya san na'ura sanin da mai haɗa kayan da aka sayo ba zai taɓa yi ba. Shi ne zai gane dalilin da ya sa na'ura ke cinye batiri, ko take daskarewa in zafi ya yi yawa. Kuma a masana'antar aisi, babban kaso na aikin tantancewa ne, wato rubuta gwaje-gwajen da ke farautar kuskure kafin a kai zane masana'anta, aikin da ake yi a kwamfuta daga ko'ina. Akwai kuma batun amana. Mitocin wuta ana harhaɗa su a Nijeriya, amma aisin cikinsu daga waje yake zuwa. Haka na katin banki, haka na na'urar tantance masu zaɓe. Ƙasar da ba ta da mutanen da za su iya karanta zanen irin waɗannan abubuwa, duk abin da mai sayarwa ya faɗa mata shi za ta ɗauka.

Wasu za su ce in an koya musu za su tsere Turai. Wasu za su tafi, babu shakka. Amma Taiwan da kanta ta tura rukunin matasan injiniyoyi kamfanin RCA na Amurka a 1976 su koyo, kuma da yawa daga cikinsu su ne suka zama jagororin masana'antarta. Kamfanin Texas Instruments ya buɗe ofishin zane a Bangalore a 1985 ne saboda ya tarar da mutanen da suka iya a can. Kamfani ba ya zuwa inda babu ƙwararru ya zauna jiran a haife su.

Matsalar da nake ganin ta fi duka wuya ita ce malamai, kuma a nan ne ya kamata a sa kuɗin. Ba daga sifili za a fara ba, domin ƙofofin lissafi da lambobin sifili da ɗaya suna cikin manhajar darasin kwamfuta ta jarrabawar WAEC. Abin da ake yi shi ne a zana su a baƙin allo, yara su haddace, a wuce. Akwai darasin da Noam Nisan da Shimon Schocken suka tsara, littafinsa ya fito a 2005, wanda ke ɗaukar ɗalibi daga ƙofa guda har ya gina cikakkiyar kwamfuta a cikin manhajar gwaji, kuma ana samunsa kyauta. Malamin fiziks ko lissafi mai sha'awa zai iya bin sa a dogon hutu guda, in aka haɗa shi da sashen injiniyancin kwamfuta na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, aka biya shi alawus na gaskiya. Hukumar da ke kula da makarantun kimiyya da fasaha ta jiha ita ce ta dace ta riƙe wannan, Jami'ar Tarayya ta Dutsin Ma da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Kwalejin Fasaha ta Hassan Usman su tanadi matakin gaba, yadda yaron da ya fara a sakandare ba zai je jami'a ya tarar ba mai ɗora shi ba. Shirin 3MTT na horar da matasa fasaha da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 ya fi karkata ga rubuta manhaja. Ba laifi ba ne, amma ya bar wannan gefen a buɗe. Kuma a sa makarantun 'yan mata tun ranar farko, kada a ce sai daga baya.

Tsorona guda shi ne a mayar da maganar kwangila: a sayo kwamfutoci a kwali, a yanka kyalle, a kulle ɗaki, makulli ya tafi da wanda aka yi wa canjin wurin aiki. Maganin wannan shi ne a auna shirin da abin da ba a iya ƙarya a kansa. A ƙarshen shekara, a kira ɗalibai daga Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa su zo da farantinsu gaban malaman jami'a, a ba su ɗan shirin lissafi da ba su taɓa gani ba, su zuba shi a firosesar da suka rubuta. Ko ta ba da amsa daidai, ko ba ta ba da ba. Rukunin da ya fi, a biya masa 'yan ɗaruruwan dalolin nan a aika zanensa masana'anta, a dawo da aisin makarantarsu, ajin da ke biye su gwada shi su nemo kurakuransa.